Hannun da na ɗaga a Yamai

Shekara 9 da 'yan watanni na yi a kujerar ɗan majalisar dokokin Nijar, daga ƙarshen 1999 zuwa ranar 26 ga Mayu 2009 da aka rushe majalisar muna ciki. Yanzu na haura 70. Yara sun daɗe suna matsa mini in ba da labari tun mantuwa ba ta riga su ba, to yau ga ni, ina faɗa autata tana rubutawa a wayarta. Ba zan ambaci sunana ba, ba zan kuma faɗi jam'iyyar da ta tsayar da ni ba. Mutanen Damagaram sun san ni, wanda bai san ni ba kuwa sunan ba zai ƙare shi da komai ba.

A unguwar Birni ta Zinder, wato Damagaram, aka haife ni, bayan fada kaɗan, cikin lungunan nan da duwatsu suka matse har jaki mai kaya sai ya karkata yake wucewa. Mahaifina baduku ne. Kube yake ɗinkawa, da jakunkuna, da kayan doki idan Salla ta matso, kuma daga majema yake sayo fata da kansa don bai yarda da idon kowa ba. Ɗan Sawaba ne a zuci. Bayan an haramta jam'iyyar a 1959 ya kulle bakinsa, har ya koma ga Allah ban taɓa jin ya furta kalmar siyasa da ƙarfi ba. Abu guda ne ba ya gajiya da maimaitawa: nan ne babban birnin ƙasar har 1926, sannan Nasara ya kwashe ofisoshinsa ya koma Yamai. Dalilin da aka bayar shi ne ƙarancin ruwa. Tsofaffi kuwa cewa suke ruwa hujja ce kawai, kusancinmu da Kano da Ingilishi ne ya hana Faransawa barci. Duk ɗan Damagaram da wannan ƙorafin aka yaye shi. Garin da Sarki Tanimun ya kewaye da ganuwa, garin da ayarin Agadas da na Kano ke haɗuwa a Zango, shi ne aka mayar ƙauyen da sai an yi tafiyar kusan kilomita 900 kafin a kai kukansa.

Maganar ruwan dai ba ƙarya ba ce. Garin a kan dutse yake zaune, ƙasa ba ta riƙe ruwa, sai an jawo shi daga nesa, daga Gogo da Arunguza. Ni da tulu na girma. Da bazara mukan fita tun asuba, wani lokaci mu dawo hantsi da rabin tulu da kumburarren leɓe, don layin ruwa ba ya rabuwa da faɗa. Mai hali ya sayi na 'yan garuwa, marar hali ya aika ɗansa.

Lakwal, wato makarantar boko, ba da son iyayena na shiga ba, dogari ne ya zo ya rubuta sunana, Inna ta yi kuka kamar an kai ni soja. Daga nan na wuce makarantar horar da malamai, na fito mushe, aka yi ta jefa ni ƙauyuka: shekara 4 a ƙasar Magarya, 6 a ƙasar Tanut, sauran a cikin gari. Zamanin mulkin soja na Kunce ne, ba a siyasa, sai ƙungiyoyin matasa na samariya. A Tanut yunwar 1984 ta same ni, na ga ajin yara 50 ya koma 11 cikin wata biyu saboda iyayensu sun yi kudu. Da a ce wani ya tambaye ni a lokacin me zan yi in na samu iko, da na rantse masa da Alƙur'ani cewa hannuna ba zai taɓa shiga abin da zai ƙara wa talaka tsadar abinci ba.

Ƙungiyar malamai ce ta kai ni siyasa. Bayan harbin ɗalibai a gadar Kennedy ta Yamai ranar 9 ga Fabrairu 1990 babu malamin da ya zauna. Aka yi taron ƙasa a 1991, daga ƙarshen Yuli har farkon Nuwamba, wanda ya shugabance shi kuma ɗan garin nan ne, Farfesa André Salifou, wanda jami'armu ke ɗauke da sunansa yanzu. Rediyo ba ya barin kunnenmu. Sai 1993 ta zo, Mahamane Ousmane, shi ma ɗan garin nan, ya ci zaɓen shugaban ƙasa, garin nan ya yi abin da ban taɓa gani ba, ban kuma sake gani ba. Tsofaffin mata na guɗa a bakin titi, ko'ina canji, canji. Mu a tunaninmu 1926 ce aka rama. Ba a yi shekara ba aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, albashi ya riƙa makara, ƙawancen da ya kawo mulkin ya watse, aka shiga zaman doya da manja tsakanin shugaban ƙasa da firaminista, sojoji suka karɓe a 27 ga Janairu 1996. Wannan duk an rubuta shi a littattafai, ba sai na tsaya ba.

Bayan kisan shugaba Ba'are a Afrilun 1999 da riƙon ƙwaryar soja na Wanke aka sake buɗe fage. A nan sunana ya shiga jerin 'yan takara na jihar Damagaram. Ga wanda bai san tsarinmu ba, ba mutum ɗaya ake zaɓa a mazaɓa ɗaya kamar Najeriya ba. Jam'iyya ke jera sunaye na jiha gaba ɗaya, a raba kujeru gwargwadon ƙuri'un da ta samu. Ma'ana, wanda ya rubuta sunanka a saman takarda ya fi wanda ya jefa maka ƙuri'a iko da kai. Wannan ban gane shi da kyau ba sai da na zauna a kujerar.

Da na je gaya wa Inna, tana tsinkar zogale a tsakar gida. Ni ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma kallon idona in tana magana. Na durƙusa na ce, "Inna, an sa ni takara." Ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ce wa ƙanwata, ba ni ba, "Ki gaya wa wancan, ubansa da allura ya ci abinci. In zai ci da baki, ya san abin da bakin zai faɗa." Na yi dariya a raina, na ce tsufa ne.

Yaƙin neman zaɓe kuwa kowa ya san kayansa: atamfa mai hoton shugaba, gishiri, sukari, goro, kuɗin shayin fada-fada, wato majalisun hirar samari, da maroƙa da za su kai asalinka inda kai kanka ba ka san ya kai ba. Ni ɗan baduku sai da aka haɗa ni da jinin sarauta a wani dandali. Saboda na yi koyarwa a arewa, can aka tura ni. A wani ƙauye bayan Tanut, inda na taɓa zama shekara biyu, aka shimfiɗa mana tabarmi a gindin aduwa. Na yi jawabi kan dimokuraɗiyya da 'yancin talaka. Da na gama sai wata tsohuwa ta matso, uwar wani yaro da na koyar, ta ajiye mini ƙwarya a gabana. Ruwan ciki ja ne kamar an dama kunun kanwa. Ta ce, "Mushe, sha." Na kurɓa don kunya. Ta ce, "Daga inda aka ɗebo shi, jaki tun asuba yake tafiya, sai azahar yake dawowa. Mu ba mu san dimokuraɗiyya ba. Rijiya muke so." Na ɗaga murya yadda kowa zai ji na ce, in Allah ya ba mu nasara, kafin damina biyu za su sha ruwa a ƙofar gida. Aka yi tafi. Ina faɗa ina sane da cewa ɗan majalisa ba ya haƙa rijiya. Doka yake yi, ya amince da kasafin kuɗi, ya sa ido kan gwamnati. Amma wa zai tsaya gaban ƙwaryar nan ya karanta wa tsohuwa tsarin mulki?

Muka ci. Mu 83 ne a majalisar farko, aka ƙara zuwa 113 a zaɓen Disamban 2004.

Yamai ta koya mini abubuwa da dama, na farkonsu shi ne takarda ta fi ƙarfin mutum. Komai da Faransanci yake zuwa, kuma ba Faransancin aji ba, na masana doka da masana kuɗi. A cikinmu akwai manyan 'yan kasuwa da ba su taɓa zama a benci ba, mutane masu kaifin hankali waɗanda za su lissafa maka ribar tirela goma da ka, amma an ajiye musu kundi mai shafi ɗaruruwa a harshen da ba nasu ba. Mu da muka yi lakwal muna yi musu kallon ƙasa-ƙasa, alhali mu ma shafin farko da na ƙarshe muke dubawa. Kafin kowace babbar ƙuri'a rukunin jam'iyya zai zauna a faɗa mana matsaya. In an shiga zaure a yi ta jawabi har dare, amma kowa ya san inda hannunsa zai nufa tun kafin ya zauna. Da na ji a 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa, abin da ya fara zo mini shi ne, ko za a kai ranar da za a ajiye wa ɗan majalisa kasafin kuɗi da Hausa, a kuma karanta shi a rediyo mai tallan ƙosai ta ji. Allah ya sa.

Ba duka ne baƙi ba. Abin da har gobe nake yaba mana shi ne wasan taubasantaka. Na ga ranar da wani Babarbare daga Gure da wani Bafulatani suka kusa kai wa juna hannu a kwamiti kan maganar burtali. Da aka fita shan iska sai Bafulatanin ya ce, "Yaushe bawa ya fara ɗaga wa ubangidansa murya?" Babarbaren ya ce, "Tun ranar da ubangidan ya sayar da shanunsa ya sayi kwat." Aka fashe da dariya, aka koma aka daidaita. Bagobiri da Bazabarme ma haka. Mu 'yan Damagaram mun saba da wannan tun a gida, don garinmu taron dangi ne: sarauta mai tushen Barebari, harshe Hausa, ga Buzaye a Zango, ga Fulani da Tubawa a kasuwar dabbobi. Sau da yawa abin da dokar cikin gida ta majalisa ta kasa kashewa, wasan nan ne ke kashe shi.

Aikin da jama'a suka san ɗan majalisa da shi kuwa a ƙofar gida ake yin sa. In na zo hutu Zinder, kafin in dawo daga sallar asuba zaure ya cika. Wannan takardar magani, wannan matarsa ta haihu babu ragon suna, wannan ɗansa na hannun jandarma, wannan kuɗin mota zuwa Kano. Ba wanda ya taɓa zuwa ya tambaye ni wace doka muka yi a zaman da ya wuce. Maiɗakina ita ta ɗauki wannan nauyin fiye da ni, don ni ina Yamai wata uku, ita tana nan kullum. Tukunyarta ba ta sauka. Akwai lokacin da tiya 8 ta hatsi ke ƙarewa a yini. Ta sayar da awakinta ba ta gaya mini ba, sai daga baya na ji a bakin ƙanwata. Wata rana na dawo ina fahariyar jawabin da na yi aka sa a rediyo, ta ce, "Malam, na ji. Muryarka ta fita da kyau. Gawayi ya ƙare."

Rijiyar tsohuwa na bi ta, kada a ce ban bi ba. Na rubuta takarda, na taka ofis-ofis, an ce a jira masu ba da tallafi, an ce ruwan yankin yana da zurfi sai babbar na'ura. Bayan shekara biyu na gaji, na daina bi ta hanyar ƙauyen. A kamfen 2004 wani na tura ya wakilce ni can.

Yanzu ga abin da ya sa na yarda a yi wannan rubutu.

Daminar 2004 ba ta yi kyau ba, ruwa ya ɗauke da wuri, fara ta sauka a arewa. Duk wanda ya fito daga ƙasar Tanut ko Gure ya san rumbuna ba su cika ba. Ni na sani fiye da kowa, na ga 1984. A farkon Janairun 2005, muna sababbin rantsuwa, aka kawo dokar kasafin kuɗi. A cikinta akwai harajin TVA, wanda ake ɗorawa a kan farashin kaya, na kashi 19 cikin 100 da aka faɗaɗa ya hau kan kayan masarufi: garin alkama, madara, sukari, har da ruwan famfo da lantarki. An yi mana bayani cewa baitulmali na bukatar kuɗin shiga, masu ba mu bashi sun gindaya sharaɗi, kuma dokokin UEMOA, ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka masu amfani da sefa, sun nemi a daidaita haraji. Muna cikin masu rinjaye. Aka ce a ɗaga hannu, na ɗaga.

Zan iya cewa ban karanta ba, kuma gaskiya ne ban karanta sashen da idona ba. Amma an faɗe shi a gabana, na ji kalmar ruwa da kunnena. Abin da ke raina a ranar shi ne wata kujera a kwamiti da nake nema, ba na son a ce sabon wa'adi ya fara da ni ina gardama. Ɗan Birni da ya girma da tulu a ka, shi ne ya ɗaga hannu a sa wa ruwa haraji.

A watan Maris ƙasa ta tashi. Ƙungiyoyin farar hula suka haɗu a gamayyar yaƙi da tsadar rayuwa, aka yi zanga-zanga a Yamai, aka kira ranar zaman gida. Ina Zinder ranar. Kasuwar Dole da ba ta san hutu ba ta zama kamar maƙabarta, ko mai shayi babu. Aka kama shugabannin gamayyar, abin ya ƙara zafi, sai a watan Afrilu gwamnati ta sauko aka cire harajin daga kan madara da garin alkama, aka sassauta na ruwa da wuta. Mutanen da ba wanda ya zaɓe su, su suka gyara abin da mu zaɓaɓɓu muka ɓata. Ina jin kunyar wannan har yau.

Sai yunwar ta iso da kanta. Da damina ta kama, ni da hannuna na sayi buhun hatsi jika 28, wato sefa dubu 28, wanda a shekarar albarka ba ya kai rabin haka. A ƙauyuka mata na jiƙa anza kwana da kwanaki don ɗacin ya fita a samu abin sa wa a ciki. Cibiyoyin ciyar da yara suka cika a Maradi da nan Zinder, har Kofi Annan, babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, ya zo garin nan a watan Agusta ya gani da idonsa. A Yamai kuwa gardamar da ake yi ita ce ko a kira abin yunwa ko ƙarancin abinci, ga shirin wasannin ƙasashe masu magana da Faransanci na Disamba ya ɗauke hankalin manya. Na yi magana a zaure sau ɗaya, cikin ladabi, yadda ba za ta ɓata wa kowa rai ba.

Bayan kaka aka yi wasan kara. Wanda bai taɓa gani ba, wasa ne na samarin Damagaram: da karan dawa suke ƙera komai, bindiga, doki, mota, na'urar ɗaukar hoto, sannan su raba muƙamai. Wannan sarki da dogaransa, wannan gwamna, wannan shugaban ƙasa da masu tsaronsa. Su kwaikwayi tafiyar mutum da muryarsa da yadda yake gyara hula, manya na zaune suna kallo, kuma al'ada ba ta yarda ka yi fushi ba. An ba ni kujera a gaba. Can sai ga wani yaro siriri an sa masa babbar riga da matashi a ciki, ya ɗora tabarau na kara a goshi yadda nake yi, ya yi gyaran murya irin nawa sak. Tun kafin ya zauna wurin ya ɗauka, ana nuna ni. Aka ajiye masa kujera, ya zauna, ya fara gyangyaɗi har da minshari. Wani ya zo ya zungure shi. Firgigit ya miƙe, ya ɗaga hannu sama, sannan ya waiwaya ya tambayi na kusa da shi, "Me aka ce?" Aka ce, "An sa wa ruwa haraji." Ya ce, "Madalla, a ƙara da iska." Ya koma barci.

Mutane har da faɗuwa ƙasa. Ni ma na yi dariya, ina da zaɓi ne? Na kira yaron na manna masa jika biyar a goshi kamar yadda ake yi. Da na dawo gida ban ci tuwo ba. Labari ya riga ni isa wurin Inna, kamar kullum. Da safe na je gaishe ta, ta ce wa ƙanwata, "An ce jiya an yi wasa mai kyau." Ba ta ƙara ba. A shekarar da ta biyo baya ta rasu, Allah ya jiƙanta, ba mu sake tayar da maganar ba.

Zan so in ce daga ranar na canza. Na dai fara karanta takardu, wannan gaskiya ne, har abokai na yi mini tsiya wai mushe ya koma aji. Amma a 2008 da aka kawo dokar da ta ƙara mana alawus da wasu alfarma, wadda na karanta tun daga bisimilla har ƙarshe, na fahimci kowane layi, ita ma na ɗaga mata hannu. Ga bashi a wuyana, ga zaure cike kowace safiya, na ce wa kaina ai kuɗin jama'a za su koma. Farar hula suka sake fitowa, Kotun Tsarin Mulki ta ce dokar ta saɓa. Sau biyu ke nan.

A ƙarshen Oktoban 2008 shugaban ƙasa Tandja ya zo aza harsashin matatar mai a arewa da Zinder. Ina wurin. Murnar da muka yi ta gaskiya ce, don tun tasowarmu ba a taɓa kawo wa jihar nan aiki mai girman haka ba. A wannan taron ne na fara ganin kwalaye da riguna masu kalmar tazarce. Cikin 'yan watanni maganar ta cika ƙasa: a bar Baba ya ƙarasa ayyukan da ya fara. Kotu ta ba da ra'ayi cewa ba a taɓa wa'adin shugaban ƙasa ta hanyar ƙuri'ar raba gardama, washegari aka rushe majalisa. A wannan karon ina cikin waɗanda suka ƙi, kuma mutane sun yaba mini. Sai dai in zan faɗi tsakani da Allah, rukuninmu ma ya ƙi. Ban san abin da hannuna zai yi ba da an ce mana mu goyi baya. Aka yi ƙuri'ar a 4 ga Agusta 2009, sojoji suka kawo ƙarshen zancen a 18 ga Fabrairu 2010.

Na dawo gida a motar haya, don tawa tana gareji babu kuɗin gyara. Sati na farko zaure ya cika da masu jaje. Na biyu ya ragu. Kafin wata uku sai ni da maƙwabcina mai gyaran rediyo, wanda dama tun kafin siyasa tare muke shan shayi. Wayar da ba ta yin shiru sai in duba ko ta mutu ne. A zaɓen 2011 ba a sa sunana ba, an samu matasa masu kuɗi, ban kuma yi gardama ba. Maiɗakina ce ta fi kowa samun sauƙi. Ta ce, "Malam, yau shekara goma rabon da in dafa tuwon da na san adadin masu cin sa."

Da ɗan abin da ya rage na sayi garka a Miriya, ina noman albasa da kabeji da ɗan rake. Matatar ta fara aiki a ƙarshen 2011, ganga dubu 20 a yini, tankoki na wucewa dare da rana, samarin unguwar Kara-Kara kuwa da yawansu suka ci gaba da sayar da fetur ɗin Najeriya a kwalba a bakin titi. An jawo ruwa daga Ganaram, an samu sauƙi, amma garin ya ninka, da bazara har yau za ka ga jarkoki a jere kamar masu jiran liman. Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, Najeriya ta yanke wuta, mun sake tunawa cewa Kano ta fi kusa da tukunyarmu fiye da Yamai. Matasa kan zo garka su tambaye ni ko su shiga siyasa in an buɗe fage. Ba na hana kowa. Ina dai tambayarsa wa zai rubuta sunansa a takarda, da kuma me zai ce wa mutumin ranar da ya ce ɗaga hannu.

A 2014 aka yi rasuwar wani tsohon abokin aikina a ƙasar Tanut, hanyar ta'aziyya kuma dole ta bi ta ƙauyen nan da na shekara 13 ina kauce wa. Na so mu wuce, direba ya ce injin ya yi zafi sai an zuba ruwa. Muka tsaya. Aduwar tana nan. Gefenta ga famfon burtsatse da tankinsa a sama da faifan hasken rana, mata na ɗiba suna hira. Wata ƙungiyar agaji ce ta yi, sunanta na jikin allo, ban taɓa jin ta ba.

Wani magidanci mai furfura a gemu ya ƙura mini ido, sai ya cire takalmi ya durƙusa. "Mushe! Ashe rai kan ga rai?" Ɗalibina ne, ɗan tsohuwar. Na tambayi mahaifiyarsa, ya ce ta rasu a shekarar yunwa, ba ta ga famfon ba, amma har ta koma ga Allah tana cewa Mushe ya yi alkawari, zai cika. Ya aika yaro ya kawo ruwa a kwanon sha, fari tas, ya miƙo mini da hannu biyu ya ce, "Sha, ranka ya daɗe, ruwanka ne."

Na ce masa, "Wallahi ba ni ba ne. Ban san ma an yi ba sai yanzu." Ya yi murmushi ya juya ga mutanen da suka taru ya ce, "Kun ji ko? Haka yake tun yana koyar da mu, ba ya son a yabe shi." Na sake rantsuwa, suka sake dariya. Kafin direba ya rufe injin an ɗaure zabbi biyu an sa a bayan mota, na ce a sauke, suka ce sai dai in zubar a hanya.

Da na iso gida bayan isha'i maiɗakina ta ga zabbin ta ce, "Malam, daga ta'aziyya ake dawowa da zabbi?" Na zauna a bakin tabarma na ba ta labari tun daga ƙwaryar farko, wanda ban taɓa gaya mata ba. Ta saurara har na gama. Ta ce, "To, yanzu a yanka ko a bari?" Na ce a bari tukuna. Suka yi shekara biyu a gidan nan suna damun maƙwabta da kuka, ɗaya muzuru ya kama, ɗayar ta tsallake katanga ba mu sake ganin ta ba.